Haƙƙin Baƙo A Gidan Ilmi

Akwai wata magana da ta ke ta da gardama tsakanin dattawa a garuruwanmu na yammacin Zamfara, tun daga Anka har Bukkuyum da Gummi. Mutum ya yi yaƙi da jahilci da girmansa, ya koyi karatu da rubutu bayan gemu ya fito, ya ga amfanin abin, ya sa ɗansa makaranta. Yaro ya yi ta haƙuri har ya ƙare sakandare, ya ci jarrabawa, aka ba shi wuri a jami'a, ko a Sakkwato, ko Zariya, ko Gusau. Ran nan murna ta kan zo tare da fargaba. Gama uban ya ji labari cewa a can ɗansa zai kwana ɗaki ɗaya da Bayarabe da ɗan Tibi da ɗan Ibo, mutanen da abincinsu dabam, harshensu dabam, waɗansunsu addininsu ma dabam. To, sai tambaya ta taso: shin cuɗanyar nan gyara yaro ta ke yi, ko kuwa ɓata shi? In kuwa ya lalace, ko ya komo gida hannu wofi, alhakinsa yana wuyan wa?

Mutane sun kasu biyu a kan wannan. Kashi na fari suna cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da ya bar gaban iyayensa ya shiga cikin baƙin ƙabilu zai komo jemage, ba shi ga tsuntsu ba shi ga dabba. Kashi na biyu, yawancinsu waɗanda suka yi boko, suna cewa ai tafiya mabuɗin ilmi ce, da zarar an tara yara wuri ɗaya za su san juna, ƙiyayya ta gushe da kanta. Kowane kashi ya riƙe wani yanki na gaskiya. Amma akwai mutum guda da duka biyun suka manta da shi cikin lissafinsu, shi ne mai masauki. A kansa wannan magana tawa za ta tsaya.

Bari mu fara sanin irin wurin da a ke zance a kansa. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ta Zariya ran 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426. Tun daga tushenta an gina ta ne bisa haɗuwar mutane iri iri. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, shi ne ubanta na fari. Wanda ya fara shugabantarta, Norman Alexander, Bature ne daga Niyu Zilan. A 1966 Dokta Ishaya Audu ya gaje shi, Bahaushe ne Kirista, likitan yara, ya riƙe ta har 1975. Bayan rasuwar Sardauna, Sarkin Binin Akenzua na Biyu aka naɗa uban jami'ar, har wa yau kuwa akwai gidan kwanan ɗalibai mai sunansa, kamar yadda a ke da mai sunan Ɗanfodiyo da mai sunan Amina. A 1975 aka kafa ta Sakkwato, wadda aka sa wa sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Ta Gusau ta zo a 2013. Ɗaukar ɗalibai ma da gangan aka gauraya shi. Ƙa'idar da aka aza wa jami'o'in Tarayya ita ce, cikin kowane ɗari, 45 a ɗauke su bisa ƙoƙarinsu ko daga ina suka fito, 35 daga jihohin da su ke kewaye da jami'ar, 20 kuma daga jihohin da aka bari baya wajen ilmin boko, Zamfara tana cikinsu. Watau ɗan Tungar Guru yana da rabonsa a wurin, sai dai ba shi kaɗai aka kira ba.

Yanzu sai mu juya ga masu tsoron cuɗanya. Tsoronsu ba na banza ba ne, domin kowa ya san yaron da ya tafi da ladabi ya komo yana raina fura da gumba, yana yi wa mahaifinsa magana a tsaye. Amma in da zama cikin baƙi shi ne ke ɓata mutum, da magabatanmu sun fi kowa lalacewa, gama babu wanda ya fi su fita neman ilmi. Shehu Usmanu da kansa ya ƙetare zuwa Agadas, cikin Abzinawa, don ya yi karatu wurin Malam Jibrilu. Daga baya ya zauna nan ƙasar Zamfara wajen shekara biyar yana karantarwa, shi ma baƙo ne a cikinmu. Malam Muhammadu Alkatsinawi, masanin hisabi da taurari, ya bar Katsina ya yi hajji, ya zauna Masar yana karantarwa har ya rasu a Alƙahira a 1741. Ba wanda ya ce waɗannan sun zubar da addininsu ko asalinsu don sun ci tuwo da baƙi.

Mutanen Tungar Guru ma ba sai an kai su Masar neman misali ba, don gani ya kori ji. A 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da Tungar Guru kanta, ba a san dalili ba. Da aka bincika sai aka tarar gubar dalma ce, tana cikin duwatsun zinariya da a ke kawowa cikin gida a ke daka su, a ke niƙa su, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. An ƙiyasta yaran da suka rasu sun kai 400 ko fiye. Su wa suka gano cutar? Su wa suka kankare ƙasar tsakar gidaje suka zuba sabuwa, suka ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini? Taro ne na mutane iri iri: likitocin ƙungiyar MSF, da masana ƙasa daga Amurka, da ma'aikatan lafiya 'yan Nijeriya na Kudu da na Arewa, tare da samarin ƙauyukan da suka riƙe shebur da baro. Masanan nan a jami'o'i suka koyi aikinsu, a can kuma suka saba aiki da wanda ba harshensu ɗaya ba. Ƙauyen da ya ga wannan ya san bukatarsa ga ɗan gari mai irin ilmin nan, wanda zai gane gubar tun kafin ta cika maƙabarta. Irin ilmin nan kuwa ba a samunsa sai an shiga cikin mutane.

To, masu cewa tara mutane kaɗai ya isa fa? Su ma sun yi gaggawa. Hausawa sun ce, zo mu zauna, zo mu saɓa. Dubi kasuwar Gummi: Bahaushe da Bafillace da Badakkare suna haɗuwa cikinta shekara da shekaru, ana ciniki ana rabuwa, amma sau da yawa ɗayansu bai san abin da ke faranta ran ɗan'uwansa ko abin da ke ɓata masa ba. Haka ta kan faru a makaranta. Yara su kan rabu gungu gungu, kowa ya nemi 'yan garinsu, su yi shekara huɗu suna gilma juna ba su san juna ba. In rashin sanin nan ya haɗu da zuga, sai wuta ta tashi. A watan Maris na 1987 gardama ta ɓarke tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a kwalejin horon malamai ta Kafanchan. Cikin 'yan kwanaki fitinar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone wuraren ibada, aka yi hasarar rayuka. Daga gidan ilmi ta fito, wurin da aka tara yara don su san juna.

Ashe ke nan cuɗanya kamar ruwan gulbin Ka ta ke. Wanda ya sami mai fito ya ƙetare lafiya, wanda ya faɗa shi kaɗai bai san mashigi ba, sai abin da Allah ya yi. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka tsara al'adar masauki. Fataken da su ke zuwa Gwanja sayen goro ba su kan sauka a Salaga haka kawai ba. Kowane ayari yana da fatomansa. Fatoma shi ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kayansa, ya yi masa tafinta, ya gaya masa abin da mutanen garin su ke ƙi don kada ya taka, ya tsaya masa in zai ci bashi, ya shiga tsakani in rigima ta taso. A wajen karatu ma haka. Tun cikin ƙarni na 13 mutanen Kanem suka sa dukiyarsu aka gina makaranta da masauki a Alƙahira domin 'yan ƙasarsu. A masallacin Azhar an ware wa ɗaliban kowace ƙasa sashensu, da shaihin da ke lura da su, da rabon gurasa. Shi kansa Alkatsinawi a gidan wani malamin Masar, Hasan Aljabarti, ya sauka, a nan ya cika, ya bar masa littattafansa. Babban malami ke nan, amma bai wadatu da barin mai masauki ba, balle yaro ɗan shekara 18 wanda bai taɓa wuce Talatar Mafara ba.

Saboda haka na ke cewa jami'ar da ta kira 'ya'yan mutane daga ƙabilu dabam dabam ta zama fatoma, ko ta so ko ta ƙi, haƙƙin fatoma kuwa ya hau kanta. Jami'o'inmu sun tanadi abubuwa da yawa don wannan, ya kamata iyaye su san su. Akwai ofishin harkokin ɗalibai, shi ke rabon ɗakunan kwana da sauraron ƙara. Akwai asibitin jami'a. A kan sa wa kowane aji malami guda mai ba da shawara a kan darussan da yaro zai ɗauka. Akwai ofishin shawara, inda wanda damuwa ta yi wa yawa zai je ya faɗi cikinsa a asirce. Akwai masallaci, akwai coci. Wajen kuɗi kuma, jihohi su kan ba 'ya'yansu tallafin karatu, a 2024 kuwa Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun ba ɗalibai rance, wanda a ke kira NELFUND. Ba shi da ruwa. Asusun ya kan biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, ya kuma ba shi na abinci, wanda a farkon shirin Naira 20,000 ne a wata, ba a kuwa fara biya sai shekara biyu bayan an gama bautar ƙasa. Ta intanet a ke nema.

Amma kafa ofis dabam, cika haƙƙi dabam. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. In yaro ya zo ƙofar ofis da Turancinsa mai rauni, aka daka masa tsawa ko aka yi masa dariya, ba zai sake komowa ba, ofishin kuwa ya zama kamar rijiyar da ba guga. Wurin kwana ma ba ƙaramin abu ba ne. Ɗakunan cikin jami'a ba su isar ɗalibai, da yawa sai su kama haya a ƙauyukan kewaye. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka shiga irin gidajen nan a Sabon Gida, kusa da jami'ar Gusau, suka kwashi ɗalibai, yawancinsu mata. Duk uban da ya ji wannan ya ce 'yarsa ba za ta tafi ba, wa zai ga laifinsa? Mai masaukin da bai tsare ran baƙonsa ba, sauran alherinsa ba ya ƙirguwa.

Wani zai ce, “Wannan duk shagwaɓa ce. Wanda ya kai jami'a ai ya zama namiji, ya tsaya da ƙafarsa. Don me za a fifita wani da taimako? A ba kowa daidai, mai ƙoƙari ya ci, rago ya faɗi.” Maganar nan tana da kamar adalci, amma a duba ta da kyau. In mutum biyu za su yi tsere, ɗaya ya ƙoshi ɗaya ya kwana biyu bai ci ba, tsayar da su a layi ɗaya ba ya mai da tseren na adalci. Yaron da ya tashi a birni ya saba da kwamfuta tun yana ƙarami. Namu kuwa sau da yawa bai taɓa ta ba sai da jarrabawar shiga jami'a ta matso, ga shi tun 2015 da kwamfuta a ke yin ta. A 2021, bayan sace 'yan makaranta a Jangebe da Maradun, an rufe makarantun Zamfara na wani lokaci, har layukan waya aka yanke. Yaron da ya ratso wannan duka ya kai ƙofar jami'a ba rago ba ne. Taimakon da za a yi masa cikon mudu ne, don a kawo shi inda 'yan'uwansa suka fara. Sai dai taimakon yana da iyaka. A ƙara masa darasi, a ba shi rance, a yi haƙuri da harshensa, amma kada a rage masa jarrabawa. Likitan da aka ba takarda don tausayi, mutanen garinsu zai fara kashewa.

Shi ɗalibi kuma yana da nasa haƙƙin, gama baƙunci ma aiki ne. Na fari, ya bambanta kunya da girman kai. An tarbiyyantar da 'ya'yanmu da kunya da kawaici, abu ne mai kyau ƙwarai. Amma akwai yaron da zai kwana uku da yunwa, ko ya zauna wata biyu cikin aji bai fahimci kome ba, ya ƙi buɗe baki don kada a ce ɗan ƙauye ne. Ran da sakamako ya fito sai a kore shi, ya rasa fuskar da zai komo gida da ita. Wannan ba kunya ba ce, girman kai ne ya ari rigarta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, matambayi kuwa ba ya ɓata. Abin da aka tanada domin ɗalibi haƙƙinsa ne, wanda ya nemi haƙƙinsa bai yi bara ba.

Na biyu, ya riƙe nasa, ya kuma girmama na wani. Abu biyun nan ba su karo da juna. Yaron da ya san dalilin sallarsa ba zai bar ta don abokin ɗakinsa yana zuwa coci ba, ba kuwa zai ga wajibi ne ya zage shi kafin ya tabbata Musulmi ba. Yawanci wanda tushensa ke rawa shi ke saurin narkewa, shi ne kuma ke saurin faɗa. Ƙungiyar 'yan gari ɗaya tana da amfani, don a nan sabon zuwa ke samun mai nuna masa hanya da mai ranta masa kuɗin mota. Amma ta zama zaure a gare shi, wurin da zai huta ya wuce cikin gida. Wanda ya shekara huɗu a zaure, bai san inda abokin karatunsa ɗan Binuwai ya ke kwana ba, ya karɓi takarda ya bar rabin abin da ya je nema.

Na uku shi ne mafi nauyi. Baƙon bana shi ne ɗan garin baɗi. Yaron da aka nuna wa hanya a shekararsa ta fari, in shekara ta kewayo sai ya tsaya bakin ƙofa ya tarbi wani. A nan a ke gane ko cuɗanya ta yi masa amfani. In ɗan garinsu kaɗai ya ke ɗaukar wa akwati, bai ƙaru da kome ba, ko a gida zai yi haka. Amma in ya ga yarinya ko yaro daga Ogoja ko Oyo ya sauka Sakkwato cikin zafin bazara, bai san Hausa ba, bai san inda zai sami ruwa ba, ya tuna ranar da shi ma ya tsaya haka, ya je ya kama masa, to, wannan ya karanta abin da babu shi cikin littafi. Ya tuna kuma, tun 1973 wanda ya gama jami'a a kan tura shi bautar ƙasa shekara guda, galibi a jihar da ba tasa ba. Tabarmar da ya shimfiɗa wa wani a Sakkwato, ita zai tarar a Inugu.

Saura iyaye. Uba ba ya sauke nauyi don ya biya kuɗin mota. Tun kafin yaro ya tafi a zaunar da shi a gaya masa gaskiya, cewa zai ga mutanen da ba su yin abin da mu ke yi, cikinsu akwai na kirki akwai na banza, kamar yadda a ke da su a Tungar Guru. A nema masa wani babba amintacce a garin, malami ko ɗan kasuwa, wanda zai riƙa leƙa shi. In ya kira waya, kada tambaya ta tsaya ga sakamakon jarrabawa. A tambaye shi me ya ci, ina ya ke kwana, su wa ne abokansa. A buɗe masa ƙofar da zai iya cewa “Baba, na kasa,” tun abin bai ɓaci ba, domin yara da yawa tsoron idon gida ya fi hana su neman taimako bisa tsoron malamai. In 'ya mace ce, a je a ga wurin kwananta da ido. A tuna kuma matan ƙauyukanmu sun fi sakin jiki da likita mace da ungozoma mace, waɗannan kuwa ba za a same su ba sai wani uba ya yarda tasa ta tafi.

To, jama'a, ga amsar tambayar da muka fara da ita. Cuɗanya da baƙin ƙabilu ita kaɗai ba ta gyara yaro, ba ta kuwa ɓata shi. Abin da ke yanke hukunci shi ne irin masaukin da ya samu, da irin baƙuncin da ya yi, da irin guzurin da aka ɗaura masa daga gida. In ya faɗi, a raba alhakin uku, kowa ya ɗauki nasa: hukumar da ta kira shi, da uban da ya sallame shi, da shi kansa. Ku da kuka zauna kan tabarma da furfurarku kuka koyi baƙi da wasali, kun san ɗacin zama baƙo a gaban allo, kun kuma san daɗin malamin da bai yi muku dariya ba. Irin wannan malami za ku nema wa 'ya'yanku, irinsa kuma za ku hore su su zama ga 'ya'yan waɗansu. Allah ya tsare mana su a inda su ke, ya komo da su da ilmi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.